Garken Baffa Cikin Faifai Ɗaya

Bakina ne ya jawo mini, kamar kullum. Ni mutum ne da in ka tambaye ni ko na taɓa ganin kura, sai in ce maka ni nake yi mata aski. Mutanen Ƙaura sun san halina, duk abin da na faɗa sukan zubar da rabi a hanya kafin su kai gida. Baffa kuwa ba mutumin Ƙaura ba ne, babu wanda ya gaya masa ana zubarwa.

A shekarun da aka ba mu jiharmu, aka kuma ƙaddamar da shari'a, ina da ɗan shago kusa da tashar jirgin ƙasa. Kwamfuta ɗaya, injin kwafi ɗaya, da fanka mai fiffike biyu, na ukun ya yi ritaya. Ina buga wa mutane takardun neman aiki da katin ɗaurin aure. Ƙanƙantar shagon ta kai in zan yi atishawa sai na fita waje.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, malamin firamare a Zurmi. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa babu zagi ba. Shi ne ya tara 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo, ya aro kyamara wajen wani mai ɗaukar biki a Gusau, suka yi fim bayan kaka. A lokacin an rufe gidajen kallo, fim ba shi da hanyar zuwa wurin mutane sai a faifai, kowa ya kalla a gidansa. Ba rawa a ciki, ba waƙa. Mata biyu ne kacal, duk tsofaffi, ɗayar ma muryarta kaɗai ake ji daga bayan zana. Labarin manomi ne da makiyayi da suka yi rigima a kan burtali, hanyar shanu ta tsakanin gonaki, dattawa suka sasanta su. Taubashina shi ne darakta, shi ne kuma manomin. Abin da ke motsi a fim ɗin kaf shanu ne, sai hannuwansa.

Da aka gama haɗa fim ɗin a Gusau ya tashi awa biyu da minti biyar. Faifan sidi kuwa minti tamanin yake ɗauka. Dillalin da zai kai Kano a buga da yawa ya ce shi faifai ɗaya yake so, don a ƙauye ba a sayen fim mai faifai biyu. Na ɗaya sai a ara zuwa Katuru, na biyu ya tafi Galadi, har abada ba za su sake haɗuwa ba, wasu su san farkon rigima, wasu su san sulhun kawai. Sai taubashina ya ɗauko fim ɗin ya kawo mini.

"Bawana," ya ce, "ba kai ka ce akwatin nan naka ko raƙumi aka sa masa zai mayar da shi fara ba? To ga fim, matse shi."

"Kafin ka sha ruwa an gama," na ce. Ban taɓa yi ba. Furogiram ɗin matsewar yana cikin kwamfutar tun da na saye ta a Kano, ban taɓa ko buɗe shi ba.

Kwana biyu bayan nan, da hantsi, kabu-kabu ya sauke wani tsoho a ƙofar shagona. Dogo ne siriri, da malafa da sanda da jakar fata a hammata. Muka gaisa, ya tambayi gida da iyali da zafi, na tambayi shanu da ruwa da hanya. Sai ya leƙa ciki ya nuna kwamfutar da sandarsa.

"An ce shanuna na cikin akwatin ga."

Nan na gane shi ne Baffa, makiyayin wajen Jangeru da ya ba su aron garkensa yini uku aka ɗauka, bai nemi komai ba.

"Suna ciki, Baffa," na ce, "duk da ƙudajensu."

Bai yi dariya ba. Ya zauna a benci, ya ce akwai wata ja a ciki, mai farin goshi, ƙahonta na hagu ya sunkuya ƙasa. Jikar jikar saniyar da mahaifiyarsa ta ba shi ce tun yana yaro. Bayan an ɗauki fim da 'yan kwanaki ta faɗa cikin gyauron dawa, ta ci, ciki ya kumbura. Kafin a kira shi ta tafi, ko wuƙa ba a samu sa mata ba.

"Za ta hito?" ya ce.

A nan ya kamata in ce in Allah ya so, in yi shiru. Sai na ji bakina yana cewa, "Baffa, za ka ƙirga gashin idonta ɗaya bayan ɗaya."

Ya gyaɗa kai kamar an gaya masa farashin gishiri. Ya ce da ruwa ya sauka aka yi shuka za su haura da garke can tsallaken iyaka, ba su dawowa sai kaka. "Mutum awa ni kuwa ba ya cewa sai kaka. Ina son in gan ta kahin in tahi." Muka yi da shi za mu haɗu ranar kasuwar Shinkafi ta mako biyu masu zuwa, a rumfar mai sayar da rediyo da talabijin. Ya hau kabu-kabunsa ya tafi, ni kuma na tsaya a ƙofa ina duban gabas. Sararin sama fes yake, amma bazara ta yi nisa.

Washegari da sassafe na buɗe furogiram ɗin. Na gane abu ɗaya cikin sauri: faifai kamar buhu ne, kowace daƙiƙa ta fim ana auna mata rabonta a ciki. In fim ya yi tsawo, sai a rage wa kowa mudu. Na rage, na danna, wani shuɗin layi ya fito a ƙasan allo ya fara tafiya. Na ce tafiya, amma hawainiya mai ciwon ƙafa za ta je Gusau ta dawo ta same shi a inda ta bar shi. Ya rubuta mini saura awa goma sha ɗaya.

Ban iya zama ba. In zauna, in tashi, in zaga bayan shago in duba man janareta, in dawo in ga layin bai gusa ba. In je wajen mai shayi, kafin ya zuba in ce ina zuwa. Zafin Ƙaura na bazara kuwa, kaza in ta yi sakaci sai ta saka dafaffen ƙwai. Kwamfutar ta fara nishi. Na cire mata murfin gefe, na juya mata fanka, na jiƙa buhu na rataya a taga, ni kuma na tsaya a kanta da mafici kamar mai jinyar basarake. Wani ya kawo takardar neman aiki na ce ya dawo jibi, aikin ba gudu zai yi ba tunda ba a ba shi ba tukuna.

Da la'asar sakaliya ta gama. Na ƙona faifan, na sa a fileya, wato na'urar kunna faifai, ta maƙwabcina tela, na tura gaba zuwa wurin da garke ke gangarowa mashaya. Abin da na gani ba shanu ba ne. Tubala ne ja da fari suna tafiya, suna rushewa suna sake ginuwa. Wani wurin ƙaho ya yi gaba ya bar kai a baya. Tela ya leƙo ya ce, "Wannan ginin wa ake yi?" Na nemi ja mai farin goshi har idona ya yi ruwa. Ko ni da na san inda take ban gan ta ba.

Ranar ban ci tuwon kirki ba. Maiɗakina ta ce tun da ta san ni ba ta taɓa ganin na bar loma a kwano ba, ko a kira mai magani.

Da safe dabara ta zo mini, kuma a lokacin na ɗauka ta fi kowace dabara da aka taɓa yi a ƙasar Zamfara. In fim ya gajarta, kowa zai sami cikakken mudunsa. Me za a cire? Na zauna da agogo na kalli fim ɗin daga farko, sai na ga abin da ya cinye shi. Gaisuwa ce. Duk wanda ya shigo zaure sai ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, an kwana lafiya, ina gajiya, ina gida, ina yara, ina wajen su wane, yaya muka ji da zafi, a amsa masa, shi ma a tambaye shi, sannan ya juya ga na gefe a sake daga farko. A zaman sulhu dattawa bakwai ne, kowa ya gaida kowa. Da na tara, gaisuwa ta haura minti arba'in.

Na sa almakashin kwamfuta na yanke ta tas. Fim ya dawo minti tamanin ba ɗaya. Na sake yinin fifita, na ƙona, na sa a fileyar tela. Ga shanu nan garau. Ga ja mai farin goshi tana tafe a gefen dama, ƙaho a sunkuye. Na yi rawa a shagon tela, iyakar rawar da shari'a ta bari.

Ban gaya wa taubashina abin da na yi ba, na ce dai an gama. Ya ce in kawo Zurmi a fara nuna wa surukinsa, wanda ya fito a matsayin mai gari, kuma a zaurensa aka ɗauki rabin fim ɗin. Na hau babur da faifai a aljihun gaba, ina taɓa shi a kowane rami.

Aka shimfiɗa tabarmi a zaure, aka jawo talabijin, surukin ya sa babbar rigar da ya yi fim da ita. Liman ma ya zo, shi ma yana ciki. Aka kunna. Minti na biyar, ga taubashina a talabijin ya faɗo zauren mai gari, ba sallama, ba durƙuso, ya buɗe baki ya ce shanu sun cinye masa gero. Liman ya gyara zama. Aka ci gaba. Makiyayi ya faɗo, shi ma haka. Dattawa bakwai suka bayyana a tabarma kamar daga sama aka zubo su, suka hau magana. Mai gari, wanda ya yi yini uku cikin rawani ana ɗaukarsa, ya fito sau biyu. Na farko ya ce, "To." Na biyu ya ce, "Ku tashi."

Surukin ya ɗaga hannu aka tsayar. Bai dube ni ba, taubashina ya duba.

"Malam, ɗiyata na ba ka, ko ba ita ba?"

"Ita ce, Baba."

"Shi na za ka nuna ma duniya kana shigowa zaurena awa an koro akuya?"

Taubashina ya juyo ya dube ni. Da kallo yana yanka, da a nan aka yi sallar layya da ni.

Na fara bayanin buhu da mudu. Liman ya bar ni na gama, sannan ya ce shi bai san buhu ba, amma ya zauna sulhu fiye da yadda zai iya tunawa. Mutum yakan shigo da wuta a cikinsa. Kafin ya gama amsa lafiya lau sau ashirin, rabin wutar ta mutu, sannan a iya magana da shi. "Kai ka cire inda aka yi sulhun, ka bar muna surutun." Surukin ya ce in faifan nan ya fita haka, kada a sake kawo kyamara ko ƙofar gidansa, kuma kada a sa fuskarsa.

A waje taubashina ya kama wuyan rigata. "Bawan banza. Gaisuwa ko ɗaya ba za a taɓa ba. Ka mayar da ita."

"In na mayar, shanun Baffa sun zama tubali."

"Wa ya aike ka ka ce masa zai ƙirga gashin ido?"

Na sulale na hau babur. A hanyar komawa Ƙaura na ga hadari ya taso a gabas, baƙi, ya tsaya yana kallona. Bai zubo ba, iska ta watsa shi, amma na san ya ga hanya. Saura kwana takwas kasuwar Shinkafi.

Kwana biyu ina zagaye shago kamar wanda kunama ta harba. In buɗe kwamfuta in rufe. Na yi tunanin in aika wa Baffa cewa na'ura ta ƙone. Na yi tunanin in yi masa nasa faifan daban, shanu zalla, amma ya riga ya gaya wa duk rugagen Jangeru cewa jarsa za ta fito a fim ɗin da kowa zai saya, kuma ni na ce masa haka. A rana ta uku, don rashin abin yi, na sake sa faifan farko, mai tubalan, na bar shi yana tafiya ina kallo da rabin ido. Sai ga zaman sulhu. Ga Liman zaune yana amsa gaisuwa, fuskarsa tar, har furfurar gemunsa ana gani. Faifai ɗaya, mudu ɗaya, shanu sun rushe, Liman ko gezau.

Na tuna abin da mutumin da ya sayar mini da kwamfutar ya taɓa faɗa ina rabin saurare: na'urar ba ta ajiye kowane hoto cikakke, abin da ya canza daga hoton baya kawai take ajiyewa. Liman in yana gaisuwa ba abin da ke canzawa sai leɓensa. Garke kuwa ƙafa ɗari huɗu ne da wutsiya ɗari, kowace da inda ta nufa. Ashe ina ta ba mai zaune a inuwa tuwo daidai da mai noma.

Na aika a kira taubashina. Ya zo yana cin magani. Na ce masa ba za a cire gaisuwa ko ɗaya ba. Za mu yanka fim ɗin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa a matse ta gwargwadon motsin da ke cikinta, a ƙwace daga masu zama a ba shanu, sannan a ɗinke. Ga wani alheri kuma, gunduwa ba ta wuce rabin awa a kwamfuta, in wuta ta ɗauke ba yini guda aka yi asara ba.

Ya ɗauko littafin rubutu na 'yan makaranta, muka zauna muna kallo muna yi wa dattawan Zurmi rabo. Liman ya fi kowa sauƙi, ko cokali aka ba shi ya ishe shi. Wani tsoho mai gyangyaɗi a gefen tabarma, shi ma haka. Wanzami, ɗaya daga cikin dattawan, shi ne matsala, ba ya gaisuwa sai yana kaɗa kai yana gyara hula, dole a ƙara masa. Surukin kuwa zaune yake kamar an dasa shi, na rubuta masa kaɗan.

Taubashina ya riƙe mini biro. "Me ka ba Baba?"

"Abin da ya ishe shi."

"Ƙasa da wanzami?"

"Wanzami yana motsi."

"Mai gari guda, a ce wanzami ya fi shi rabo? In ya ji fa?"

"Wa zai gaya masa? Kwamfuta?"

"Kai za ka gaya masa. Bakinka ba ya riƙe ko ruwan alwala."

Gaskiya ya faɗa. Muka ƙara wa mai gari har ya ɗara wanzami da kaɗan, ba don hoto yana buƙata ba, don girma. Daga nan sai da muka bi sauran dattawan, kada ƙane ya fi wansa. Na ce masa ko rabon gadon attajiri bai kai wannan wuya ba.

Kwana uku muna wannan. Shi yana fifita, ni ina dannawa, mu canza. Kullum da yamma hadari ya taso ya yi mana barazana ya koma. Ranar da muka haɗa gunduwoyin duka, saura kwana biyu kasuwa, kwamfuta ta ce faifai ba zai ɗauka ba. Abin da ya yi yawa ɗan kaɗan ne, amma faifai ba ya jin Allah ya ba ka haƙuri. Mun tatse kowa. Liman in aka sake rage masa sai dai a ji murya daga cikin hazo. Gunduwa biyu kawai suka rage masu ƙiba. Ɗaya gangarowar garke mashaya, minti uku. Ɗaya jawabin taubashina na ƙarshe, minti tara, inda yake tsaye a gona yana wa'azin zaman lafiya, hannuwa suna sama suna ƙasa kamar mai korar tsuntsaye, ga karan dawa yana kaɗawa a bayansa.

Na dube shi. Ya dube ni.

"A'a," ya ce.

Na ɗora yatsa a kan layin jawabinsa a littafin.

"Wata uku ina haddar jawabin nan. Saboda shi na yi fim ɗin. Har sabuwar hula na saya."

"Hular za ta fito. Ba ta motsi sosai."

Ya fita. Ta taga ina ganinsa, ya je har bakin layin dogo ya dawo, ya sake komawa. Ya tsaya wajen mai rake bai saya ba. Ya shigo ya ce in nuna masa shanun. Na nuna masa, ja tana tafe a gefen dama. Ya ce yini ukun nan da suka yi a rugar, tsohon nan kullum sai ya aiko musu da ƙwaryar nono, kuma da suka ce a sake gangaro da garke sau huɗu saboda kyamara ta ƙi, bai yi ƙorafi ba.

"Matse ni," ya ce. "Amma in ka gaya wa kowa na yarda da kaina, sai na karya ka. Ka ce kuskuren na'ura ne."

Na matse shi. Faifai ya ɗauka, da kyar, kamar an rufe akwatin amarya da gwiwa.

Sauran tsoro ɗaya, faifan da aka ɗinke haka ba kowace fileya ke karɓarsa ba. Washegari na zaga Ƙaura da shi gida-gida kamar mai tallan turare. Ta tela ta karɓa. Ta mai shayi ta karɓa. Duk 'yan arahan nan da ake kawowa a kwali ba su da zaɓe, ko murfin tukunya ka sa musu za su gwada. Wata mai tsada ce kawai a gidan wani ɗan kasuwa ta tofo shi waje. Dillali ya ce masu irin wannan ba su ne masu sayen fim ɗin burtali ba. Taubashina ya kai wa surukinsa kwafi a Zurmi, ya dawo ya ce tsohon ya kalli gaisuwarsa sau biyu, ya ce yanzu aka yi fim.

Ranar kasuwa muka kama hanyar Shinkafi a babur ɗaya, ni a baya, faifai cikin leda cikin hula a kaina. Hadari ya haɗu tun hantsi, wannan karon da gaske yake, ana jin ƙamshin ƙasa daga nesa. Manoma a gefen hanya sun fito da iri. Ina ta ce wa taubashina ya ƙara wuta, yana ce mini in sauka in tura.

Baffa yana rumfar mai rediyo, zaune a kan buhu, sanda a tsakanin gwiwoyi. Ya ce tun da aka buɗe kasuwa yake nan, gobe da asuba za su tashi. Na so in tura faifan kai tsaye zuwa mashaya, amma na riga na koyi darasi. Muka gaisa tukuna, gida, iyali, shanu, hanya, har ƙarshe. Sannan mai rediyo ya tayar da ɗan janaretansa, mutane suka taru a bakin rumfa.

Garke ya gangaro. Baffa ya matso har malafarsa ta taɓa gilashin. Leɓensa yana motsi, na gane sunayensu yake kira ɗaya bayan ɗaya. Sai ga ta a gefen dama. Ya yi wani ɗan sauti a maƙogwaro, irin wanda suke kiran shanu da shi, a hankali, ya kira ta da wani suna na Fulatanci da harshena ba ya iya ɗauka. Wata saniya da aka ɗaure a bayan rumfa ta amsa. Mutane suka yi dariya, shi bai ji su ba.

"A tsai da ita," ya ce.

Mai rediyo ya danna, ta tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Ya daɗe yana dubawa.

"Ita ta," ya ce. Ya ƙara matsawa. "Gashin idon dai ban gani ba."

"Ta ƙifta ne, Baffa."

A karon farko ya yi murmushi. "Kai dai maƙaryaci na. Amma ita ta."

Aka mayar masa sau biyar. Ana na shida ruwa ya sauko, mai rediyo ya hau tattara kaya. Na ciro faifan na ba Baffa. Ba shi da fileya, ba shi da talabijin, inda za shi ma ba wuta. Ya karɓa da hannu biyu, ya naɗe shi a ƙyalle, ya sa a jakar fata tare da carbinsa, ya rataya ta cikin riga saboda ruwa. Ya yi mana sallama cikakkiya, ya shiga cikin ruwan ya tafi neman kabu-kabu.

Fim ɗin ya fita bayan wata guda. Ya zaga ƙauyukanmu daidai gwargwado. Duk wanda ya kalla yakan yaba shanun da ladabin mutanen ciki, sannan ya tambaya me ya sami fuskar manomin a ƙarshe, don minti tara yana jawabi hancinsa yana yawo tsakanin kunne da kunne. A Zurmi har yau in ya wuce akwai masu ce masa mai fuskar tubali. Ya ce kuskuren na'ura ne, ni ma na ce haka, na riƙe bakina kusan mako biyu, wanda a wurina ya yi daidai da shekara goma.

Da kaka na je Shinkafi sayen takardar kwafi, mai rediyo ya kira ni. Ya ce tsohon nan ya dawo. Duk ranar kasuwa sai ya zo da faifansa a ƙyalle, ya gaida shi, ya zauna a kan buhu. Ba ya bari a tura gaba. Sai an fara daga farko, ya saurari gaisuwar dattawan Zurmi kaf, wani lokaci har yana amsa musu, har a iso mashaya. In garke ya wuce sai ya ce a cire, ya naɗe abinsa. Jawabin taubashina bai taɓa kaiwa gare shi ba.